Ziyarar kufan mutanen da da salla a doguwar tafiyar bas

Tambaya: Malam, bayan Umara ayarinmu zai tashi daga Madina a bas zuwa Al-Ula, mu ci abincin rana a Hijir, wato Mada'in Salih. Wani ya ce zuwa kowane kufai haramun ne. Sallolinmu kuma ya za mu yi da su a hanya?

Amsa: Ɗan'uwa, abincin ranar nan shi ne inda hukunci ya sauya. Hijir ƙasar Samudawa ce, inda azaba ta sauka. A tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya hana shigarta sai ana kuka, ya lulluɓe kansa ya yi sauri, ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo a rijiyoyinta, ban da rijiyar taguwar Annabi Salihu, aka ba raƙuma garin da aka kwaɓa. Saboda haka ka shiga da tsoron Allah, kada ka daɗe. Shimfiɗa tabarma, raha da ɗaukar hoto ana dariya ba na nan ba ne. Ku riƙo ruwanku, ku nemi shugaban ayari ya mayar da cin abincin wani wuri.

Amma maganar haramta kowane kufai ba ta da ƙafa. Hanin Hijir yana da dalilinsa, shi ne saukar azaba, ba tsufan gini ba. Sahabbai sun buɗe Masar ƙarƙashin jagorancin Amru ɗan Asi, dalar Fir'auna na tsaye, ba a ji sun hana kallonta ba. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya shiga fadar Kisra, sarkin Farisa, a Mada'in ta Iraƙi har ya yi salla a ciki. Hadisin da ya taƙaita ɗaura sirdi, wato yin tafiya, ga masallatai uku na Makka, Madina da Ƙudus kuwa kan tafiyar ibada yake. Da ya game kowace tafiya, da fatauci da neman ilimi ma sun haramta.

Tafiyarku ta haura kilomita 300, ƙasaru kuwa daga kusan 80 take farawa. Sai dai Malikawa sun karhanta ta ga mai tafiyar wasa kawai, don haka gyara niyyarka ta zama ɗaukar izina. In rana ta karkata kafin ku tashi kuma ba za a tsaya ba sai faɗuwarta, haɗa Azahar da La'asar kafin ka hau. In da hantsi kuka tashi, jinkirta Azahar zuwa La'asar. Inda ake tuntuɓe shi ne barin La'asar sai Magariba. Ba a haɗa su, Asuba ma ba ta haɗuwa da kowa.

Hau da alwala, ka rage shayi. Direba ya ƙi tsayawa, lokaci na fita? Yi salla a kujerarka da ishara, ka sake in kun sauka. Tun daren tafiya ku yi wannan magana da shi, kada a bari sai rana ta yi ja. Wallahu a'alam.