Tauraro da kayan jabu: wa ya kamata ya amsa laifin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Zariya, ina bin waƙoƙin Koriya da labaran taurarinsu. Mun yi gardama da ƙawata a kan Song Ji-a, wadda aka gano tana sa kayan Chanel da Dior na jabu har ta ba da haƙuri ta ɓace na wani lokaci. Ƙawata ta ce zaluntar ta aka yi, tunda ba ta ci kuɗin kowa ba, kuma mu ma nan kowa na sa kwafi. Ni kuma ina ganin ta yaudari mutane. Wa ya fi gaskiya a cikinmu? Sannan mawaƙan nan da ake ce wa idol, idan aka gan su da jabu, laifinsu ne ko na kamfaninsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ke da ƙawarki kowacce ta kama wani gefe na maganar, amma naki gefen ya fi nauyi, kuma zan faɗa miki dalili.

Bari in fara da bayani ɗaya, domin amsar ta rataya a kansa. Song Ji-a ba mawaƙiya ba ce. Mai shirya bidiyon kwalliya da sutura ce a YouTube, da sunan FreeZia. Duniya ta san ta ne ta shirin neman masoyi mai suna Single's Inferno da Netflix ya fara nunawa a Disamban 2021. Cikin 'yan makonni mabiyanta suka ninka, sai kuma masu bin diddigi suka fara ɗora hotunan rigunanta da sarƙoƙinta kusa da na asali suna nuna inda ɗinki da launi suka saɓa. A ranar 17 ga Janairun 2022 ta wallafa wasiƙar ban haƙuri da rubutun hannunta, ta amsa cewa wani ɓangare na zargin gaskiya ne. Bayan kamar mako guda ta sake ba da haƙuri a bidiyo, ta rufe abubuwan da ta wallafa, ta janye. Tashar talabijin ta MBC a Koriya ta cire ɓangaren da aka riga aka ɗauka da ita a wani shiri. Sai wajen tsakiyar shekarar ta dawo.

Ta fuskar doka, ƙawarki ba ta yi kuskure ba. A Koriya ta Kudu dokar alamar kasuwanci tana kama mai ƙera jabu da mai shigo da shi don sayarwa da mai sayar da shi, kuma sashe na 230 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ko tarar da za ta iya kai won (kuɗin ƙasar) miliyan 100. Wanda ya saya don ya sa a jikinsa, dokar ba ta hukunta shi. Shi ya sa jami'an hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha suke kai samame rumfunan dare masu rawayen tanti na unguwar Dongdaemun a Seoul, su kwashe kaya su kama 'yan kasuwa, amma ba sa tare mai wucewa su duba jakarta. Ba ko'ina haka yake ba: a Italiya ana cin mai saye tara, a Faransa ma riƙe jabun kaya laifi ne a dokar kwastan.

To in dai doka ba ta kama ta ba, me ya tayar wa mutane hankali haka? Sai kin san matsayin waɗannan kaya a ƙasar kafin ki gane. Bankin Morgan Stanley ya ƙiyasta cewa a 2022 'yan Koriya ta Kudu sun kashe dala biliyan 16.8 a kan kayan alfarma, kimanin dala 325 ga kowane mutum, wanda ya fi na kowace ƙasa a duniya. Suna kiran irin kayan myeongpum, kalmar da asalinta ke nufin abin da gwani ya ƙera, jabu kuma jjaktung. A lokacin mutane kan yi sammako su ja layi a ƙofar manyan kantuna tun kafin a buɗe don su samu jakar Chanel kafin a ƙara mata kuɗi. Kuma a bakin matasansu akwai maganar cokali: geumsujeo, mai cokalin zinare, shi ne wanda aka haifa cikin dukiya, mai cokalin ƙasa kuma ɗan talaka. A idon masu kallo Song Ji-a ta fito ne a matsayin yarinya mai cokalin zinare, wadda ba ta damu da farashi ba. Wannan kamannin shi ne hajarta. Shi ya kawo mabiya, mabiya suka kawo talla, talla ta kawo kuɗi. Saboda haka cewa ba ta ci kuɗin kowa ba, maganar ba ta tsaya da ƙafafunta sosai ba. Ba ta sayar wa kowa jabun riga ba, amma ta samu abin duniya da wani hoto da jabun riga ta taimaka wajen ginawa, tambarin kamfani a ƙirji, ba tare da ta faɗa wa masu kallo abin da ta sa ba. Ita kanta a wasiƙarta ta ambaci cewa tana da burin kafa nata kamfanin, kuma wannan ya ƙara wa abin nauyi.

Mu ma mun san wannan bambancin ba sai an koya mana ba. Mace ta shiga Kantin Kwari, ɗan kasuwa ya ce mata wannan Holan ce ta asali, wannan kuma kwafi ce, ta duba jakarta ta ɗauki kwafi ta kai wa tela. Babu wanda aka cuta a tsakanin su biyun, kuma ba na ganin dalilin da wani zai raina ta. Amma a jera kwafin nan a akwatin lefe a ce wa dangin amarya Super ce, kowa ya san sunan abin da aka yi. Atamfar ɗaya ce, abin da aka faɗa a kanta ne ya canza. Akwai hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar, Allah ya yarda da su: wata mata ta tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko akwai laifi ta nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba. Ya amsa mata cewa mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafi biyu ne na ƙarya. Duk lokacin da na karanta labarin masu tasiri a kafafen sada zumunta da kayan jabu, wannan hadisin nake tunawa, domin ya ambaci tufafi, kuma ya ambaci wanda ake so ya gani ya ji ciwo. Yarinyar da take kallon bidiyon a ɗakin haya, tana auna kanta da abin da take gani tana jin ta gaza, ita ce a matsayin kishiyar nan.

Kuma fushin bai faɗo daga sama ba. A 2020, shekara ɗaya da rabi kafin wannan, an yi wata badaƙala da suka kira dwit-gwanggo, wato tallar bayan fage. An gano cewa shahararriyar mai shirya wa taurari sutura, Han Hye-yeon, tana nuna kaya a YouTube da sunan ita ta saya da kuɗinta, alhali wasu an biya ta ne ta tallata. Mawaƙiya Kang Min-kyung ma ta ba da haƙuri a kan tallar da ba ta bayyana yadda ya kamata ba. Daga 1 ga Satumban 2020 hukumar kula da adalcin kasuwanci ta ƙasar ta tsaurara ƙa'ida: duk wanda aka biya ko aka ba kaya kyauta dole ya faɗa a fili inda mai kallo zai gani. Mutanen da aka taɓa yaudara sau ɗaya ne suka tarar da labarin Song Ji-a, shi ya sa ba su yi mata da sauƙi ba.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko wuya. Mawaƙin idol, musamman sabon shiga, ba shi yake zaɓar abin da zai sa a dandamali ba. Akwai masu shirya sutura da kamfani ya ɗauka, su ne suke aro kaya daga kamfanoni ta tsarin da ake kira hyeopchan, su saya, su yanka, su sake ɗinki don ya dace da rawa. Ko kayan da kike gani a jikinsu a filin jirgi, waɗanda suke kama da nasu na gida, sau da yawa na talla ne da aka ba su. Yaro ɗan shekara 18 da ya sa hannu a kwantiragin da kan kai shekara 7, aka miƙo masa riga minti kaɗan kafin ya hau dandamali, ba shi da halin duba ɗinki da lambar ciki. Idan rigar nan ta zama jabu ko an kwaikwayi zanen wani ƙaramin mai zane, wanda ya kamata ya fito ya yi bayani shi ne kamfanin da ya biya kuɗin rigar ya kuma ci ribar wasan. Abin da yake ba ni takaici shi ne sau da yawa fuskar yaron ce take yawo a intanet, sunan wanda ya sayo kayan kuwa ba wanda ya sani.

Amma akwai matakin da tauraro ba zai ɓuya a bayan kamfani ba. Jennie ta ƙungiyar mawaƙa ta Blackpink jakadiyar talla ce ta Chanel, abokan waƙarta Jisoo ta zama jakadiyar Dior a 2021, Rosé tana tare da Saint Laurent, 'yan ƙungiyar BTS suka zama jakadun Louis Vuitton a Afrilun 2021, Jimin, ɗaya daga cikinsu, kuma na Dior a Janairun 2023. Wanda ya kai nan ana biyansa ne don mutane su yarda cewa abin da ke jikinsa shi ne abin. Yana da ma'aikata, yana da hanyar tambayar kamfani kai tsaye. Haka ma duk tauraron da ya ɗauki waya da hannunsa ya ce wa masoyansa ga abin da na saya. Daga lokacin da magana ta fito daga bakinsa, shi ke da ita.

Kada kuma ki ɗauka duk wanda aka gani da jabu ya san jabu ne. A 2022 manyan shagunan intanet biyu na Koriya, Musinsa da Kream, sun yi ta jayayya a kan wasu riguna masu tambarin Fear of God Essentials: Musinsa ya sayar da su a matsayin na asali, masu tantancewa na Kream suka ce jabu ne. A ƙarshe kamfanin da ke yin rigunan ya tabbatar da maganar Kream, Musinsa ya ba da haƙuri ya biya masu saye ninki biyu. Idan kamfani mai ma'aikatan bincike ya ruɗu, mutum ɗaya ma zai iya ruɗuwa. Shi ya sa tambayoyin da nake yi kafin in ɗora wa kowa laifi su ne: ya sani? Me ya faɗa wa mutane? Ya samu kuɗi da abin? Mafi muni shi ne mai tallata jabu da gangan don a saya ta hannunsa. Irin waɗannan ne Amazon ya kai ƙara kotu a Amurka a Nuwamban 2020, wasu mata biyu masu mabiya da ke tura mutane sayen jabu ta ɓoyayyun hanyoyi, kuma irinsu ne dokar Koriya ma take ɗaurewa.

Ƙawarki za ta iya cewa manyan kamfanonin ba su da abin tausayi, kuma akwai gaskiya a ciki. A Yunin 2024 wata kotu a Milan ta sa wani reshen Dior da ke Italiya a ƙarƙashin kulawar kotu saboda yadda ake gallaza wa ma'aikata a masana'antun da ke yi masa aiki, kuma takardun binciken sun nuna jakar da aka biya mai ɗinki Yuro 53 ana sayar da ita Yuro 2,600. Wannan abin kunya ne, kuma jakadun da ke karɓar miliyoyi ya kamata a riƙa tambayarsu a kai kamar yadda ake tambayar mai jabu. Sai dai laifin Dior ba ya wanke kasuwar jabu. Rahoton ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD da ofishin Tarayyar Turai mai kula da haƙƙin mallakar fasaha ya ƙiyasta cinikin jabun kaya tsakanin ƙasashe a 2019 da dala biliyan 464, kashi 2.5 cikin ɗari na cinikin duniya. A wannan kasuwar babu kotun da za ta leƙa ta ga halin da tela yake ciki, babu haraji, babu wanda za ki kama idan rini ya ƙona miki fata. Kuma ba Chanel ce kaɗai ake kwafa ba. Ƙaramin mai zanen da ya kwashe wata shida a kan riga ɗaya, shi ne kwafi yake kashewa, ba kamfanin da ke da lauyoyi a kowace nahiya ba.

Inda na tsaya tare da ƙawarki shi ne a kan girman horon. Song Ji-a tana da shekara 24 a lokacin. Ta yi kuskure, ta amsa, ta rasa aiki. Amma abin bai tsaya a kan riguna ba, sai da aka shiga tonon gidan da take zaune da sana'ar iyayenta, ana zagi dare da rana. Kamfanin da ke kula da harkokinta a lokacin ya amsa cewa duba suturarta aikinsa ne kuma bai yi ba, amma wutar a kanta ta ci. Wannan ya faru ne a ƙasar da ta riga ta ga ƙarshen irin wannan taron dangi: bayan rasuwar mawaƙiya Sulli a Oktoban 2019, wadda ta sha zagi na shekaru, babban shafin intanet na Koriya, Daum, ya rufe wurin sharhi a labaran nishaɗi, takwaransa Naver ma ya bi sahu a Maris 2020. Ni abin da nake kira ɗaukar alhaki shi ne mutum ya faɗi waɗanne kaya ne jabu, ya cire su, ya sanar da waɗanda suka biya shi talla, ya gyara yadda yake magana da mabiyansa. Da mutum ya yi wannan, mai kallo ya samu haƙƙinsa. Abin da ya wuce haka na tonon asiri da cin mutuncin iyaye wani sabon laifi ne, kuma masu yin sa ba su taɓa rubuta wasiƙar ban haƙuri ba.

Don haka ki ce wa ƙawarki ta yi daidai da ta ce sa kwafi kaɗai ba ya mai da mutum macuci, ta kuma yi daidai da ta ce horon ya wuce laifin. Inda ta kauce shi ne da ta haɗa Song Ji-a da ɗalibar da ta sayi jakar kwafi don zuwa biki, domin ita ɗalibar ba wanda yake biyanta kuɗi saboda an yarda jakar ta asali ce. A kan mawaƙan idol kuwa, duk ranar da kika ga an ɗora hoton wani ana cewa jabu ya sa, ki fara duba ko a dandamali ne ko a shafinsa na kansa, sannan ki duba ko kamfaninsa ya ce wani abu.