Shin China ce kaɗai ke yaɗa fasahar sa ido?

Ka tambaya ko China ce kaɗai ke yaɗa na'urorin sa ido masu ƙirƙirarriyar basira, amsar kuwa ita ce a'a. Gaskiya ne kamfanonin China irin su Huawei da Hikvision sun sayar wa ƙasashe da dama kyamarori masu gane fuska, amma kamfanonin Amurka da Japan ma suna cikin kasuwar. Abin da ya fi damuna shi ne dogaro, domin ƙasar da ta sayi tsarin za ta shafe shekara da shekaru tana buƙatar mai sayarwa wajen gyara da horar da jami'ai, wanda hakan kan karkata akalar siyasarta ta waje. A 2019 Amurka ta taƙaita sayar wa Hikvision fasaharta, bisa zargin hannu a danniyar Musulmin ƙabilar Uyghur a yankin Xinjiang na China.