Hajiya, yayanku ba zai iya sayar da gidan gadonku shi kaɗai ba

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba ku haƙurin rashi. Kin ce ya bar gida a Makka wajen Shari'ul Mansur, babban yayanku yana son sayarwa da hujjar shi ne wasiyyi, alhali biyu a cikinku suna Kano, autarku kuma shekararta 14.

Ni na riƙe wakalar 'yan gidanmu a gadon kawunmu a Jidda, don haka abin da na gani ne zan faɗa miki. Wasiyyi ba mai gida ba ne. Abin da mamaci ya ɗora masa kawai zai zartar. Ana fara cire kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, ragowar kuwa haƙƙin magada ne, kowa da rabonsa a kowane ɗaki na gidan nan.

Takarda ta farko ita ce sakkin hasrul warasa, wato takardar hukuma mai ƙididdige magada, ana nemansa ta Najiz, manhajar ma'aikatar shari'a. Ku duba sunayen da ke ciki da idon basira. Mu harafi ɗaya ne ya bambanta tsakanin fasfon ƙanwata da sakki, sai da komai ya tsaya cik.

Inda na fi so ki natsu shi ne wakala. Duk baligi a cikinku, ko ya halarci cinikin da kansa, ko ya wakilta wani a rubuce. Na Kano za su yi tasu a can, a tantance ta a ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadancin Saudiyya. To, izinin sayarwa daban, izinin sauya suna a takardar mallakar gida daban, izinin karɓar kuɗi ma daban. Mutanenmu sai su sa hannu a kan duka don kunya, wai kar Yaya ya ce ba a yarda da shi ba. Ni da kaina na roƙi 'yan'uwana su cire mini na karɓar kuɗin, mai saye ya rubuta wa kowa cak ɗinsa na banki da sunansa. Ba zargi ba ne, shi ma wakilin ya fi samun barci.

Rabon autarku kuwa, dokar Saudiyya ta sa shekara 18 ce ƙa'idar mallakar hankalin kai. Ko mahaifiyarta ba za ta sayar da rabonta ba sai alƙali ya ba da izini, bayan masu ƙiyasi sun duba farashin, an tabbatar cinikin maslaharta ce.

In kun kasa daidaitawa, kowannenku na da ikon kai ƙara kotun iyali. Gidan da ba ya rabuwa yakan ƙare a gwanjo ta hannun cibiyar Infath, hukumar gwamnati mai kula da sayar da irin wannan dukiya. Ba na yi muku fatan haka, don yana cin lokaci, kuma farashi ya fita daga hannunku. In Yaya na da hali, gara ya sayi rabon sauran bisa ƙimar da kowa ya amince da ita.

Ki sa a lissafi cewa in bare za ku sayar wa, akwai harajin kashi 5 cikin ɗari, wanda ba a biya idan raba gado kawai aka yi tsakanin magada. La'adar dillali kuma kashi biyu da rabi ce a al'ada. Ku yi magana a kan wanda zai biya su tun kafin a karɓi kafin alƙalami.