Amsa: Ta ina zan fara tattara tarihin cocin Wusasa?

Ɗan'uwa, ka ce an ba ka aikin rubuta tarihin cocin St. Bartholomew na Wusasa, kuma kowa da abin da yake faɗa maka.

Fara da gyara kuskuren da aka fi yi: ba a Wusasa mishan ɗin CMS, wato ƙungiyar mishan ta cocin Anglika, ya fara zama ba. Dakta Walter Miller, ɗan mishan ɗin, cikin birnin Zariya ya zauna tun 1905, sai a 1929 aka koma Wusasa, bayan gari. Tsohon cocin ginin ƙasa ne irin na magina Hausawa, da kauri a bango da bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙai masu riƙe rufi. Ka shiga da tsakar rana ka ji sanyi, kai ka ce randa ce. Nan kusa kuma ga asibitin St. Luke. A garin nan Janar Yakubu Gowon ya taso.

Ni dai na fi yarda da rajistar baftisma da ta aure a kan hirar tsofaffi. Hirar na da daɗi, amma shekaru na rikice musu. Ka ji ta bakinsu, sannan ka gwada da takarda. Kada ka ɗauki hoton rajista sai limamin cocin ya yarje maka, domin sunayen iyayen mutane ne a ciki.

Rayuwar yau kuwa, sai ka je ranar Lahadi ka ji waƙoƙin zumuntar mata da Hausa.

Takardun zamanin Turawa, nemi ma'aikatan gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ko malaman sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), Zariya.