Ya ce lafiya lau, amma ko ƙofa aka buga sai ya zabura

Tambaya: Likita barka da aiki. Maigidana ya yi wata biyu a hannun masu garkuwa ta hanyar Birnin Gwari, yau wata huɗu da dawowarsa. In an tambaye shi sai ya ce lafiya lau alhamdulillah, amma ko ƙofa aka buga sai ya zabura, baya barci, baya zama sai bayansa na jikin bango. Dangi sun ce iska ce. Daga wata baiwar Allah a Rigasa.

Amsa: Sannu Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Wannan "lafiya lau" ɗin kam kullum muna jin ta a ɗakin duba marasa lafiya, shi ya sa ni bana tsayawa kan abin da baki ya faɗa, ina kallon inda mutum ya zaɓa ya zauna, idonsa na kan ƙofa ko a'a, kafaɗa a ɗage, numfashi sama-sama, hannu na rawa ko yana ta murza carbi da sauri daidai lokacin da aka ambaci daji ko babur. Jikinsa ne bai yarda an sake shi ba, har yanzu gadi yake, zuciya na bugawa kamar mutanen na bayansa. Tunda abin ya wuce wata ɗaya kuma yana hana shi sukuni, ya yi kama da ciwon firgici da ke bin bayan tashin hankali, wanda likitoci ke kira PTSD. A ci gaba da addu'a, amma ki lallaɓa shi ku je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, zuwa can ba hauka ba ne fa. Kuma don Allah masu zuwa jaje su daina sa shi maimaita labarin. Kar a sayo masa baliyam, ƙwayar nan ta kwantar da hankali da sa barci, a kemis, baya warkar da wannan, sabo kawai zai jawo. In kika ji yana cewa gara ya mutu, ranar za ku tafi.

Tambaya: Ni ɗalibar aikin jinya ce a Kawo. An koya mana ƙin haɗa ido alama ce ta ciwon firgici, haka ne?

Amsa: Toh ƙanwata, a nan sai kin yi hattara. Budurwa ta sunkuyar da kai gaban namiji babba, kunya ce da tarbiyya, in kika bi littafi kawai rabin Tudun Wada za ki rubuta wa ciwo. Canji za ki duba. Tana hira da ke normal, kin taɓo wata magana sai ta daskare, ido a buɗe amma bata wurin, sai kin kira sunanta sau biyu. In haka ta faru ki bar tambayar, ki ce ta taka ƙasa da kyau ta faɗa miki abubuwan da take gani a ɗakin, kuma kar ki taɓa ta sai kin nemi izini.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 6 ya koma fitsarin kwance tun da aka yi harbi a unguwarmu, wasansa kullum na bindiga ne.

Amsa: Malam kar a doke shi, kar a bari yara su yi masa waƙa. Yaro a wasa yake faɗin abin da ya gani. Ya dinga kwana kusa da ku, a fara gwada fitsarin ko akwai cuta, in an yi wata ba sauƙi ku kawo shi.