Durum ko tanki? Amsoshin masu son lambun bokiti a tsakar gida

Tun da hadari ya fara haɗuwa a gabas, yawancin saƙonnin da ke shigo mini na masu son shuka kayan miya a gida ne. Ga huɗu daga ciki.

Wata uwargida daga Zariya ta ce: Gidan haya muke, tsakar gidan duk siminti ne. Na ga ana tallan tukwanen shuka masu shayar da kansu a Facebook, amma kuɗin ya ba ni tsoro. In daure in saya?

Hajiya, riƙe kuɗinki. Abin da ke cikin tukunyar nan bai wuce ruwa a ƙasa, ƙasa a sama, da lagwani a tsakani ba, kamar yadda lagwanin fitila ke jan kananzir. Ki aiki yaro gidan burodi ya sayo miki bokitan bota da suka ƙare, guda biyu masu girma ɗaya. Na fi son su a kan bokitin fenti, don abinci ne ya zauna a ciki. In na fenti kika samu, ya zama mai lita 20 na fentin ruwa, a wanke shi fes.

Ki sa ƙusa a wuta ki huhhuda gindin bokiti ɗaya. A tsakiyar gindin ki yanke rami daidai yadda kofin roba zai zura ya rataya, shi ma kofin ki huda shi ta kowane gefe. Sai ki zura wannan bokitin a cikin ɗayan. Sararin da ya rage a ƙasa shi ne ma'ajiyar ruwa, kofin kuma in aka danƙara masa ƙasa shi ne lagwanin. Ki ratsa guntun fayif daga sama har ƙasa ta gefe, ki yanke bakinsa na ƙasa a karkace don kada ya toshe. Ta nan za ki riƙa zuba ruwa.

Saura huda ɗaya, wadda ta fi duk sauran: a jikin bokitin waje, daidai ƙasan inda gindin na ciki ya tsaya. Ta nan rarar ruwa ke fita. Shekarar da na fara, na manta da ita a bokiti uku. Aka kwana biyu ana tafka ruwan Agusta, na wayi gari attaruhuna ya langaɓe kamar an zuba masa tafasasshen ruwa, da na ɗaga bokitin kuwa wari kamar kwata. Saiwa ma numfashi take yi.

Kada ki cika shi da laka zalla, za ta cure ta hana iska shiga. Ki haɗa ƙasar jigawa da takin awaki wanda ya ruɓe sosai da ɓuntun shinkafa, ko ɗan garin gawayi. Zurfin ƙasar kada ya wuce santimita 30, wato tsawon rular 'yan makaranta, don danshi ba ya hawa sama da haka yadda ya kamata. Mako biyun farko ki riƙa ban ruwa ta sama har saiwa ta kama. Tumatir ko attaruhu tushe ɗaya a bokiti ɗaya, kada kwaɗayi ya sa ki cusa uku.

Wani malamin makaranta daga Gusau ya ce: Ina so in tara ruwan damina ya kai ni har bazara. Durum zan saya ko in ci bashi in sayi tankin lita 1,000?

Malam, ɗauko alli mu yi lissafi kafin a je ga bashi. Ruwan sama milimita 1 a kan rufi mai faɗin murabba'in mita 1 lita 1 ne. Ɗaki mai mita 4 da mita 5 ke nan in aka yi ruwan milimita 20 zai zubo da lita 400. Ko an cire wanda ya fantsale da wanda ya tsiyaye ta gefen indararo, ruwa ɗaya ya cika durum mai lita 200 har ya yi ambaliya. Samun ruwan ba shi ne matsala ba, wurin ajiye shi ne.

Yanzu juyo ta ɗaya gefen. A nawa lambun, tumatir da ya girma yakan sha kamar lita 2 a yini in rana ta buɗe, wani lokacin ma fiye. Bokiti 10 lita 20 ke nan kullum. Durum zai yi maka kwana 10, tanki kwana 50. Daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu kuwa ya kai kwana 200, wato lita 4,000. Tanki ɗaya ba zai kai ka ko tsakiyar hunturu ba.

Don haka ni dai durum nake ba ka shawara, in da hali biyu. Amfaninsu shi ne tsallake ɗan farin da ake yi a farkon damina, lokacin da ruwa kan ɗauke kwana goma, da kuma raka shukar zuwa kaka. Bayan nan sai ka koma ga ruwan da gidanka ke zubarwa kullum ba a lissafi: ruwan wankin shinkafa, na wankin ganye, da na alwala. Ka ajiye baho a inda ake alwala ka ga abin da zai taru daga asuba zuwa isha'i. Ruwan wanki mai omo ne kawai ban yarda ya shiga bokiti ba. In kuma tankin don amfanin gida gaba ɗaya kake so, don rage sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, wannan wani lissafin ne, kuma yana iya biyan kansa.

Wani matashi daga Maraɗi ya ce: Na samu durum na hannu da araha, amma maigida ya ce sauro zan tara masa.

Ƙanena, tambaya ta farko ga mai sayarwa ita ce me aka taɓa zubawa a ciki. Ka buɗe ka shinshina da kanka. In na maganin feshi ne, ko sinadarin masana'anta, ko baƙin mai, bar masa abinsa ko kyauta ya ba ka, don roba tana riƙe abin da ta sha. Ka zaɓi shuɗi ko baƙi, farin da haske ke ratsawa gansakuka yake yi.

Maigida kuwa yana da gaskiya. Da zafi, ƙwan sauro kan zama sauro cikin kamar kwana 7 zuwa 10, kuma irin sauron da ke yaɗa shawara ya fi son ruwan da ke zaune a mazubi. Maganin wannan shi ne tsohon gidan sauro: ka ninka shi biyu, ka ɗaure bakin durum da robar tayar keke, ka toshe bakin fayif na kowane bokiti da ƙyalle. Ka ɗora durum a kan bulo, ka sa masa famfo a ƙasa, yadda ba sai an buɗe murfi ba, yara ma ba za su leƙa ba. Ruwan farko kuma kada ka tara. Ƙurar hunturu da kashin tantabaru da na ƙadangaru duk suna kan kwano, ka bari ruwa ɗaya ko biyu ya wanke shi tukuna.

Wata kaka daga Kano ta ce: Ni ba na son roba. Akwai na gargajiya?

Akwai, Inna, kuma ya girme mu duka. Ki sayi tulu wanda ba a shafe shi ba, ki cika shi ki ajiye. In bayan awa ɗaya jikinsa ya yi gumi, shi ne. Ki binne shi har wuya a tsakiyar rabin durum ko tsohon baho, ki shuka alayyahu da yakuwa da ɗoɗɗoya kewaye da shi, ki rufe bakinsa da murfin kwano. Ƙasa na bushewa zai riƙa tsattsafo mata. Ki leƙa shi duk bayan kwana uku.