Ƙasan tumatirina yana baƙi, an ce in fesa fiya-fiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da tumatir gindi 12 a bayan ɗaki, irin na da mai faɗi da tsaga-tsaga, wanda marigayiya mahaifiyata take ajiye irinsa duk shekara. Bana ƙasan 'ya'yan yana yin baƙi, ganyen kuma duk farin tabo. Mai sayar da maganin gona ya ce in zuba fiya-fiya a ruwa in riƙa fesawa duk kwana uku. Ina tsoron irin ya ɓace a hannuna, ga yarana suna tsinka su ci ɗanye. Daga wata uwa a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya jiƙan Mama. Kwantar da hankalinki, irin ba zai ɓace ba.

Baƙin nan na ƙasan tumatir ba ƙwaro ba ne. Ban ruwa ne ba ya tafiya daidai: yau a cika, gobe a manta, sai sinadarin kalsiyam ya kasa isa ƙarshen ɗan. Manyan tumatir irin naki sun fi saurin nuna hakan, har su dare. Ki tsayar da lokacin ban ruwa, ki rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, ki ɗaga wa takin yuriya ƙafa.

Farin tabon kuwa, ki ɗaga ganye ɗaya ki duba shi ta hasken rana. In kin ga 'yar tsutsa kwance tsakanin fatar ganyen, da ɗigo-ɗigon baƙin kashinta, to Tuta absoluta ce, wadda manoman Kadawa da Kura ke kira Sharon. Ita ce ta cinye gonaki a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir.

Sai maganar fiya-fiya, kuma wallahi na gaji da ita. Kusan kullum sai an zo min da shawarar nan, daga bakin mutumin da ya shimfiɗa kwalabe a rana, wanda ko rubutun jikin kwalbar bai taɓa karantawa ba. Sinadarin da aka fi samu a ciki shi ne dichlorvos, guba mai taɓa jijiyoyi, wanda a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a ƙananan kwalabe. Na ɗure-ɗuren kasuwa kuwa, shi kansa mai sayarwar bai san ƙarfin abin da ya haɗa ba. Abin haushin ma, tsutsar tana cikin ganye a ɓoye, feshin bai cika isa gare ta ba, ga ta da saurin sabawa da magani. Ita ta tsira, ƙananan ƙwarin da ke cin ƙwanta su mutu, sai a ce miki "ƙara ƙarfinsa". A ƙara, a haɗa kala biyu, a fesa da safe a tsinka da yamma. Na taɓa shiga wani gida na tarar da kwalbar a kan taga kusa da kofin shan yara, murfinta leda ce aka ɗaure da zare. Maigidan ya ce ai suna wanke tumatirin. Kwanakin jira da ake rubutawa tsakanin feshi da tsinka, wanki ba ya maye gurbinsu. Kuma in yaro ya taɓa gubar ya fara dalalar da miyau, da gumi, da amai, numfashi na sarƙewa, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara. A cire masa kayan jikinsa, a wanke shi da sabulu, a ɗauki kwalbar a yi asibiti.

Gindi 12 hannu ya ishe su. Kowace safiya ki tsinke ganyen da ya kamu, ki ƙona ko ki binne da zurfi, kada ki yar a gefen kwalbati. Ki daka ƙwallon darbejiya gram 50, ki jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, ki tace, ki sa ɗan sabulu, ki fesa da la'asar sakaliya duk mako, musamman bayan ganye. In akwai gauta ko yalo a kusa, su ma ki duba su.

Iri kuma, ki zaɓi 'ya'ya uku mafi kyau daga gindi mafi lafiya, ki bari su nuna luguf. Ki matse su a kwalba, su yi kwana biyu ko uku har farin kumfa ya taso, ki wanke, ki shanya a inuwa. Ki raba biyu, rabi ki ba wata 'yar'uwarki ta ajiye a gidanta.